Ranar da Iya Ta Ƙwace Aikin Ɗan Jagora

Sanyi ne ya fara tarbarsa a Gidan Makama. A waje rana ce irin ta bazarar Kano, wadda ke sa kwalta ta yi laushi, amma suna sa ƙafa a zauren farko ya ji kamar an tsoma shi a randa. Shekararsa tara, yana aji huɗu a firamare, a ƙarshen shekarun 1980. Ya ɗaga kai yana neman fanka, babu. Sai bakan gizo na ƙasa da suka taso daga bango suka haɗe a sama, da azara an jera ta reras. Ya tambayi mahaifinsa daga ina sanyin yake fitowa. Uban ya kama hannunsa ya ɗora a jikin bango, sannan ya ja shi bakin ƙofa ya nuna masa kaurin ginin, wanda ya fi tsawon hannun yaron. "To ka ga iyakwandishan ɗin mutanen da," in ji shi.

Yau yaron ya ba shekara arba'in baya, furfura ta fara leƙowa a gemu, yana da nasa 'ya'yan. Idan aka tambaye shi inda ya koyi tarihin Kano, ba ya ambaton aji. Yana tuna an yi musu darasin, yana tuna malamin da bulalarsa, amma shekarun da aka haddace sun bi ruwa tun kafin a raba sakamakon jarrabawa. Abin da ya zauna shi ne wanda ya taɓa da hannu, ko ya shaƙi warinsa, ko ya ji wani babba na gidansu ya yi gardama a kansa.

Fitar tasu ba ta da wani tsari. Uban akawu ne a wata masaƙa a Bompai, abin hawansa Basfa. Ranar Asabar ɗin da aljihu ya ɗan yi nauyi sai ya ce a shirya yara. Yaron ya tsaya a gaba tsakanin ƙafafun uban ya riƙe kan babur, ƙanwarsa ta maƙale a baya. In kuwa Iya, kakarsu ta wajen uba, ta ce da ita za a je, sai a ɗauki shatar tasi, uwarsu ta ƙulla musu gyaɗa da dafaffen rogo, ta cika gora da zoɓo.

Gidan Makama yana daura da fadar Sarki, ta ɓangaren Ƙofar Kudu. Ginin ƙarni na 15 ne, kuma abin da aka ruwaito shi ne a nan Muhammadu Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903 sun ɗan yi ofis a ciki. Daga baya aka kasa gidan: wani sashe ya zama makarantar firamare, wani gidan tarihi. Duk wannan an gaya wa yaron a ranar, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Hankalinsa yana kan tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka jingine a mashiga, baƙaƙe, masu nauyi, an bi su da ƙarfe da ƙusoshi masu manyan kai, aikin maƙeran da ba wanda ya san sunansu. Ya fara ƙirga ƙusoshin da yatsa, lissafi ya ɓace masa, ya sake daga farko.

Uban ya ce masa da, in magariba ta yi, Sarkin Ƙofa yakan rufe wannan ƙyaure, wanda ya makara sai dai ya kwana a bayan gari tare da kuraye. Kafin wannan rana, Kabuga da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mata sunaye ne kawai da yaron mota ke rangaɗawa a bakin titi. Daga ranar suka koma ƙofofi na gaske, masu buɗewa da rufewa, kuma birnin da yake zaune a ciki ya zama gida guda mai katanga.

Amma ranar da ta fi zama masa a rai ita ce wadda aka je da Iya.

Ɗan jagoran saurayi ne mai fara'a, yana bayani da Hausa yana ɗan yafa Turanci. Iya tana biye a baya, tana tauna goronta, ba ta ce uffan ba, har aka iso ɗakin da aka shirya kamar na amaryar da. Nan ta tsaya cak. Ta gyara mayafi, ta dubi jeren sama da ƙasa, ta ce, "Yaro, mu dai a garinmu ba haka muke ɗora tasa ba." Shi ke nan aiki ya bar hannun ɗan jagora. Ta shiga nuna kaya ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunansu: wannan taskira, wannan adudu ne na ajiye tufafi, ga akushi, ga faifai, ga ludayin duma, wancan mazari ne, ga allin da ake shafawa a yatsa in ana kaɗi. Ta faɗi wanda uwa ke saya, da wanda gwaggo ke kawowa gudummawa, da wanda ba a taɓawa sai ranar suna. Ta ba da labarin yadda aka ɗauko nata kayan ɗakin a kawunan mata da bayan jaki, ana guɗa, zamanin Sarki Alhaji. Wasu baƙi da suka shigo bayansu suka bar nasu zagayen suka kewaye ta. Ɗan jagoran, maimakon ya ji haushi, sai ya zaro biro yana rubutawa a bayan takarda.

Ta juyo ta kalli jikan nata. "Maigida, zo ka ga irin kayan da za ka saya mini in ka tashi aurena." Ya ce shi ba ya auren tsohuwa mara haƙori. Aka kwashe da dariya.

A hanyar komawa gida ta yi ta mamaki, wai mutane su biya kuɗi don su kalli akushi, ga shi nan irinsa biyu a ƙarƙashin gadonta. A wurinta babu abin tarihi a ɗakin nan, kayan aiki ne. Yaron kuwa ya tsinci wani abu da ba a rubuta a jikin kowane gilashi ba, wato yadda tsofaffi ke lissafin zamani. Sarki Alhaji, ashe, shi ne Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. "Shekarar zuwan Sarauniya", wadda Iya ke auna shekarun rabin dangi da ita, 1956 ce. Da ya girma ya tarar da waɗannan shekaru a littafi, sai ya ga tuni yana da ƙugiyar da zai rataya su.

Haka ma lifidi da sulke. Ya gan su a rataye a gidan tarihi, ya yi mamakin yadda doki zai iya gudu da wannan katifa a jikinsa. Da Sallah ta zo, ranar Hawan Daushe, yana kan kafaɗar uban sai ga 'yan lifidi da 'yan sulke sun wuce a gabansa, da ƙura da gumi da ƙarar kuge. Abin da ke cikin gidan da abin da ke kan titi duk ɗaya ne a lokacin, taku kaɗan ne tsakaninsu.

Sashen dabbobi na wannan karatu kuwa a Gidan Zoo aka yi shi, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Baƙo, gwamnan farko na jihar Kano, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. Ranar Sallah ba a zuwa don kallon dabbobi, mutane ake kallo, ko'ina maƙil. Uban ya fi son Asabar da safe, lokacin da masu ba dabbobi abinci ke zagayawa.

Kura ce ta fara ba shi kunya. Kurar da ya sani ita ce ta tatsuniyar Iya, mai kwaɗayi, sakarai, wadda Gizo ke yi wa wayo kullum. Wadda ya tarar a keji wari ne ya fara sanar da ita tun daga nesa. Ga wuya kamar turmi, ga ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, ga baya a zube, tana kai da komo ba ta ko kallon mutane. Uban ya nuna masa kashinta a gefe, fari fat kamar alli, ya ce ya san dalili? Ƙashi take tauna ta haɗiye. Yaron ya tuna mutumin da ya makara aka rufe masa ƙofar gari, jikinsa ya yi sanyi. A wurin jimina aka sa shi ya ƙirga yatsun ƙafarta, ya samu biyu. A wurin kada ya ce ai wannan ya mutu, baki a hangame ba motsi, aka ce masa iska yake sha, haka yake rage zafin jiki. Ba wani dogon bayani. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, a sayi rake a yi gaba.

Tafiya mafi nisa ita ce ta Jos, a wani dogon hutu, wajen kawunsa da ke zaune a Bukur tun zamanin haƙar kuza. Suka bi ta Tudun Wada suka ratsa dajin Falgore, inda direba ya rage gudu don garken gwaggon biri ya tsallaka titi, uwa da ɗa a maƙale a cikinta. Uban, wanda a ƙauye ya tashi, ya yi ta kiran sunayen itatuwa ta taga: ɗorawa, kaɗanya, marke, tsamiya, kanya. Tun kafin su shiga dajin ya nuna masa gawo a tsakiyar gonaki, tsirara ba ganye ana tsakiyar damina, ya ce shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa dawa rana, kuma in rani ya yi shi ke ciyar da awaki.

Gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952, aikin wani Bature mai suna Bernard Fagg. A nan yaron ya yi ido huɗu da kawunan Nok, na yumɓu gasasshe, masu idanu kamar kusurwa uku da huji a tsakiya, da kitso iri-iri. Masu haƙar kuza ne suka fara tono su a ƙauyen Nok a 1928. Wani kan kuma, wanda aka samu a yankin Jama'a, sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya isa hannun Fagg a shekarun 1940. Matar kawun ta ja baya ta ce ita ba ta kallon gumaka. Uban ya ce ba wanda ya ce a bauta musu, a dai dubi hannun maginin. Abin da ya ɗaure wa yaron kai shi ne shekarun: sama da 2,000. Shi a saninsa tarihi daga Bagauda ya fara, a shekara ta 999. Ashe kafin Bagauda da fiye da shekara dubu akwai mutane a ƙasar nan da ke zama a yi musu kitso.

A bayan gidan akwai fili inda aka gina kwatankwacin manyan gine-ginen gargajiya da girmansu na ainihi, tunanin wani masanin gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski. Akwai masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina na asalin a ƙarni na 19. Akwai kuma ganuwar Kano, a tsaye, da tsayinta da ƙofarta. Yaron ya yi ta tsalle yana cewa ga garinmu. Uban ya daɗe a tsaye bai yi magana ba. Sai da yaron ya girma ya gane abin da ya hana uban magana: an yi tafiyar kusan kilomita 300 kafin a ga badalar Kano a cike, domin ta gida tun a lokacin ruwan sama da masu ɗiban ƙasa sun fara cin ta.

Takwaran yaron a Yamai bai buƙaci irin wannan doguwar tafiya ba. Gidan tarihin ƙasa na Nijar, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, ya tara komai a shinge ɗaya: tufafin Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, da zakuna da dorina masu rai, da maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki ana kallo ana saye. Yaro zai bar kejin zaki ya tarar da ƙwarangwal ɗin dainaso, waɗanda ake kira kakannin ƙadangaru, da aka tono a Gadufawa cikin hamada a shekarun 1960, masana suka ƙiyasta ya haura shekara miliyan 100. Zai ga ƙasusuwan wani kada da ya ninka na yau. Zai ga busasshen itacen Tenere, bishiyar ƙayar nan da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar sahara, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa, ayarin raƙuma suna gane hanya da ita, har wata babbar mota ta banke ta a 1973. Duk faɗin hamada, direba bai samu abin karo ba sai ita.

Bara ne ya koma Gidan Makama, karo na farko bayan shekaru masu yawa, da 'yarsa mai shekara tara, wadda yake kira Mamana saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Adaidaita sahu suka hau. Sanyin zauren yana nan. Ƙyamaren suna nan, ita ma ta sa yatsa a kan ƙusoshin ba tare da an ce mata ba, abin da ya sa shi murmushi. Ta karɓi wayarsa tana ɗaukar hoton duk abin da ta gani.

A ɗakin amarya ne abin ya tsaya masa. "Abba, wannan fa?" Ya ce mazari ne. "Me ake yi da shi?" Ya ce kaɗi. "Mene ne kaɗi?" Ya ɗaga hannu zai kwatanta yadda Iya ke murza shi, ta ja auduga ta zama zare, sai ya tarar hannun bai sani ba. Ya gani sau ɗari yana yaro, bai taɓa riƙewa ba. Daga cikin abubuwan da Iya ta lissafa a ranar nan, ya iya kiran sunan biyar ko shida. Sauran sai da suka karanta takardar bayani tare, shi da yarinyar, kamar baƙi biyu. Iya ta rasu tun yana jami'a, akusanta kuma ba wanda ya san inda suka shiga bayan rabon gado.

Wannan shi ne canjin da ya fi girma, kuma ba a ganinsa a jikin gini. Da, gidan tarihi madubin gida ne, iyali su shiga da wanda ya fi takardar bayani sani. Yanzu ga abubuwa da yawa gidan ne kaɗai wurin da suka rage, uba da 'ya duk ɗalibai ne. Abin bai tsaya kan kayan ɗaki ba. Wata rana yarinyar ta ji ya ce an yi musu ungulu da kan zabo, ta tambaye shi mene ne ungulu. Shi da ya tashi yana ganinsu jere a kan rufin mahauta da bishiyoyin kasuwa, har an gaji da korarsu, sai da ya nemo mata hoto a intanet. Tun 2015 irin ungulun da aka saba gani a garuruwan Hausa yana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu farautarsa don tsubbu. Badala ma a wurare da dama ta koma shaguna da filaye. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da siminti. Hanyar Jos kuwa, tun rikicin 2001 da abin da ya biyo baya, da labaran 'yan fashin daji, ta daina zama hanyar da uba ke ɗaukar yara kawai don su ga kan yumɓu.

Shi kansa yawon ya sauya hannu. Iyaye sun sallama wa makarantu. A ranar da suka je sun tarar da motar wata makaranta ta sauke yara wajen sittin cikin kayan makaranta, an jera su biyu-biyu, malama tana cewa a yi sauri, kada a taɓa, kada a yi surutu. Cikin rabin awa sun gama gidan da Iya ta shafe awa guda a ɗaki ɗaya. Ba laifin malamar ba ne, yaro sittin ba a tsaya wa kowanne ya ƙirga ƙusa. Fitar iyali ta ranar Asabar kuma ta koma wuraren lilo da manyan kantuna. Rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014 a kan titin Gidan Zoo yake, kuma kowa ya san inda motoci suka fi tsayawa. Ga shi kuma an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010, ba a ƙaddamar da dawo da shi gadan-gadan ba sai a 2022. Waɗanda suka yi makaranta a tsakanin nan su ne sababbin iyayen yau.

Sai dai a yi wa jiya adalci, kada a shafa mata zumar da ba ta da ita. Ko a wancan zamani gidaje kaɗan ne ke irin wannan fita. Yawancin abokan yaron an haife su a tazarar tafiyar ƙafa daga Gidan Makama, ba su taɓa leƙawa ba. Ƙanwarsa ma tana cika shekara goma sha biyu aka daina fita da ita. Yau 'yan mata ne kan gaba a layin ziyarar makarantu, su suka fi tambaya. Wayar da ake zargi da sace hankalin yara ita ce ta kai 'yarsa ga kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, mafi tsufa da aka samu a Afirka. Ita ta karanta wa uban labarin, shi bai sani ba. Hawan Sallar Kano kuma, inda ya ga 'yan lifidi, ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024.

Maganar mazari dai ba ta mutu a ranar ba, don yarinyar ba ta da saurin haƙura. Da daddare ya kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa da ke zaune a Gwarzo, ta bidiyo. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta sa aka buɗe wani tsohon akwati, ta fito da mazari da ɗan guntun alli, ta murza shi a gaban waya. Zare ya fito siriri, yarinyar ta sa ihu. Gwaggo ta ce ai wannan ba a koyonsa ta gilashi, kuma ita rabonta da Gidan Makama tun tana amarya.

An tsayar da Asabar ta biyu bayan Sallah. Gwaggo ta gindaya sharaɗi biyu: gaban mota za ta zauna, kuma a tanadar mata farin goro.